Ranar da Alhaji Ya Daina Nemana

Har yau ban manta da ranar da Bashar ya zauna a kujerata ba. Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba, muna aiki a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Yelwa. Ni ne babba a wurin, shi kuma sabon ɗauka, bai jima da gama foliteknik ba.

Babban abokin cinikinmu Alhaji Ɗanjuma ne, dillalin da ke sayen kifi wurin masuntan Wara yana turawa Kudu. Duk ƙarshen wata banki kan ba shi disket, wato ɗan faifan da ke ɗauke da shige da ficen asusunsa. Ni ke zuba shi cikin manhajar lissafi in buga masa a takarda. Alhaji bai yarda ko mai shagon ya taɓa masa aiki ba, sai ni.

Ran nan manhajar ta tubure. Ta karɓi na farkon wata, ta watsar da sauran. Na sake zubawa, waɗanda suka shiga suka ninku. Na ce faifan ne ya lalace, na hau kabu-kabu zuwa banki aka ba ni wani. Duk ɗaya. Ga Alhaji a benci, ya ƙi ba da izinin lodin kifi sai ya ga ko mutanensa na Kudu sun biya.

"Malam Sani, mi ya faru? Kifina na cikin rana!"

Bashar ya leƙo ta kafaɗata. "Yaya, ko in duba?"

Na tashi ba don ina so ba. Ya ƙura wa allo ido, ya ce banki sun sauya tsari, suna fara rubuta rana kafin wata, manhajar kuwa wata take jira a farko. Duk abin da ya wuce sha biyu ga wata sai ta ce babu wannan watan. Ya gyara, ya share na ɓarna, ya sake zubawa. Komai ya shiga.

Alhaji ya miƙe ya riƙe hannunsa. "Kai ɗan wa ne? Allah ya yi maka albarka!"

Washegari aka kawo kwandon busasshen kifi, na Bashar. Shekaruna ina yi wa Alhaji aiki, ko tarwaɗa ɗaya ban gani ba. Bashar ya ɗebar mini rabi, na kai wa inna ban ɗanɗana ba. Da wata ya zagayo, Alhaji ya gaishe ni a tsaye ya wuce teburin Bashar. Abin da ya fi ci mini rai, Bashar bai taɓa yi mini gori ba, balle in sami dalilin fushi.

Ku da kuke tasowa, ku sani a wannan sana'a abokin ciniki ba na kowa ba ne, wanda ya fitar da shi yau shi yake tunawa. Bashar aminina ne yanzu, ɗansa ma sunana ya ci. Amma da ya fara "Yaya, ka tuna ranar disket?" sai in ɗauki buta in ce zan yi alwala.