Yadda Aka Gane Ni da Ƙeya a Gungunmu

Gombe zuwa Suleja

Ana kiran assalatu muka fito daga gida a Pantami, ni da ƙanena Sale. Ni jaka biyu na ɗauko, ɗaya duk tsaraba ce. Shi kuwa leda ɗaya ya riƙo yana ta hamma. Inna ta rako mu bakin ƙofa ta ce, "Ku gaida Goggonku Kulu, ku ce mata ɗan'uwanta ya cika da sunanta a baki."

Babanmu Malam Mamman, Allah ya jiƙansa, Bagunge ne, wato ɗan tsibiran nan na cikin ruwan Kwara a ƙasar Yawuri, waɗanda ake kira gungu. Cinikin busasshen kifi ya kawo shi Gombe yana saurayi, bai sake komawa ba. A nan aka haife mu. Amma ni tun ina firamare nake bugun ƙirji da gungun da ban taɓa gani ba, har allon shagon ɗinkina "Bagunge" na sa aka rubuta. Sale kuwa in ka tambaye shi asalinsa sai ya ce, "Pantami, bayan filin ƙwallo." Abu ɗaya nake nema a tafiyar nan: Goggo Kulu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakin su Baba, ta dube ni ta ce wannan namu ne.

Mun karya da masa a Bauchi, muka sha sanyin Jos, muka sha shingaye har na gaji da ƙirgawa. A kowane shinge direba ya sauke gilas ya ce, "Sannu da aiki, ofisa," mu wuce. Bayan magariba muka isa Suleja, muka kwana wurin wani abokin aikina tela.

Suleja zuwa Yawuri

Da safe muka kama hanyar Minna, daga nan Zungeru, Tegina, Kwantagora. Ramukan hanyar nan kam sai wanda ya bi. A Kwantagora muka sake mota, muka dace da direba ɗan Yawuri mai surutu.

"Gida za ku?" in ji shi.

Na yi caraf na ce, "Gida, mu Gungawa ne."

Ya dube ni ta madubi, ya dubi Sale da ke gefensa yana cin gyaɗa. "Wanga dai na yarda, ka ga kafaɗun mutanen ruwa. Kai ko, malam, sai in ce ɗan birni."

Sale ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi, amma ta saman leɓe ce.

A kan ruwa

La'asar sakaliya muka sauka bakin ruwa. Garba, ɗan Goggo Kulu, wanda na shekara ina waya da shi, yana jiranmu. Yana hango mu ya taho da sauri, ya wuce ni, ya rungume Sale yana cewa, "Haruna, ɗan'uwana, ka iso?" Haruna fa ni ne. Katina ne ya ƙare a kiransa, ba na Sale ba.

Kwalekwale ne mai inji, cike da mata da buhunan gishiri da akuya biyu. Na sha sabuwar shadda da takalmi sau-ciki don a ga ɗan Mamman ya dawo da mutunci. Ina taka bakin jirgin ya karkata, mata suka yi salati, mai jirgi ya ce, "Tsakiya ake takawa, baƙo." Baƙo ya ce mini, a kan ruwan kakannina. Ba mu yi nisa ba cikina ya juya, na mayar da duk abin da na ci a Kwantagora. Sale yana can gaba ya naɗe ƙafar wando, hannunsa cikin ruwa, yana tambayar Garba yadda ake noman albasa a yashi. Yaron da bai san ruwan da ya wuce na famfo ba.

Gungu

Gungun ya fi yadda nake zato kyau, abin da ya ƙara mini ciwo ke nan. Gonakin albasa shar har bakin ruwa, taruna a shanye, ƙanshin bandar kifi ko'ina, irin ƙanshin rigar Baba. Na ji ƙirjina ya cika, na ce a raina na zo gida. Gidan ne dai bai ce komai ba tukuna.

Goggo Kulu 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Na durƙusa na isar da saƙon Inna, na juye tsaraba. Ta yi kuka, ta sa albarka, amma ba ta ware kowa a cikinmu ba.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar karfasa. Sale ya sa kifi ta wannan gefen baki, ƙayoyi suna fitowa ta wancan gefen, yana tofar da su a tafin hannu bai ko duba ba. Goggo ta saki ludayi. "Mamman," in ji ta a hankali. "Garba, zo ka ga cin kifin kawunka." Na ce to, ni ma bari in nuna. Loma ta biyu ƙaya ta tokare mini maƙogwaro. Sai da aka ba ni curin tuwo na haɗiye gaya, hawaye na zuba, yara suna leƙe ta katanga.

Washegari Goggo ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon filafili, itacen tuƙa jirgi, ya yi baƙi da santsi saboda hannu. Ta ce na Baba ne tun yana yaro. Ta miƙa wa Sale. Wallahi kishi na ji, kishin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, har harshena ya yi ɗaci. Ni na yi ta ɗaukar sunan nan a ka shekara da shekaru, shi ya zo ya ci kifi ya tafi da gado.

Na tashi na je ƙarƙashin wata tsamiya a bakin ruwa, na zauna kan saiwarta, na ba gidan baya. Aka kira ni cin abinci na ce na ƙoshi.

Can sai na ji takun sanda a bayana, da wata 'yar dariya mai rawa.

"Kada ka waiwayo," in ji Goggo. "Tsaya haka nan in ƙara gani."

Na tsaya.

"Wagga ƙeya. Nan ubanka ya zauna, bisa saiwag ga, ranar da babanmu ya ba ƙanenai sabon jirgi bai ba shi ba. Haka ya karkata wuya, haka ya ce ya ƙoshi. Da safe muka nemai, ya tafi." Ta dafa kaina. "Wancan cin kifinai ya ɗauko. Kai zuciyatai ka ɗauko, ɗan Mamman. Amma kai ba za ka tafi da hushi ba. Tashi ka ci tuwo."

Na tashi na bi ta. Kifin ma da hannunta ta cire mini ƙaya, ban ji kunya ba.

Komawa

Hanyar da muka bi ita muka sake bi, filafili a ɗaure saman mota, kowane shinge sai an tambaya na wane ne, Sale ya ce nasa. Har yanzu in na gan shi a jingine a ɗakinsa sai na ji wani abu ya soke ni, ba zan ɓoye muku ba.

Mun shigo Pantami ana sallar la'asar. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Garba da ya yi ta hidima da mu, da Goggo Kulu, Allah ya ƙara mata kwana. Da na ba Inna labarin tsamiya, ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.

"Da ka tambaye ni ai da ka huta da kuɗin mota," in ji ta. "Ƙeyar nan na yi ta kallo tun ina amarya. Da ya rasu, taka nake kallo in na yi kewarsa."