Lambar da Ba Ta Karantuwa

"Malam, wannan biyar ce ko shida?"

Wani mai Napep ne ya tsaya a Bulabulin, yana nuna lambar wayar da ke jikin takardar cigiyar da nake liƙawa. Baffana ne a hoton. Daga Gusau na kawo shi asibiti, ga ciwon mantuwa, jiya ya fita bai dawo ba. Bai san kowa a garin nan ba.

"Shida ce," na ce masa.

"Kash! Ɗazu na ga wani tsoho kamarsa a hanyar Zabarmari. Na sa biyar na kira, wata mata ta ɗauka tana min faɗa."

Mai buga takardun ya sa irin haruffan zamanin nan masu kusurwa, kamar an yanka su da reza. Biyar da shida kamar tagwaye.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, taimako ya yi niyya. Haruffan sun dace da allon shagon waya ko bayan rigar ƙwallo, amma ba cigiya ba.

Yanzu ni da mai Napep ɗin muna hanyar Zabarmari. Duk takardar da muka wuce sai na sauka na gyara lambar da biro.

Jama'a, mutum nawa kuke jin sun kira matar nan tun jiya?