Sunayen da Kaka Ta Hana Kira

A gidan da na tashi, wani ƙauye tsakanin Gure da Kelle, akwai maganganun da ba a furtawa. Ba zagi nake nufi ba. Zagi kam Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, ta fi kowa iyawa, in Hausa ta gaza mata ta ɗauko Barbarci ta ƙarasa. Abin da ta hana shi ne ka ce "aikin banza ne", ko "ba yadda za a yi", ko "na fid da rai". Ka kuskura ka faɗi ɗaya, sai ka je bayan danga ka tofar da yawu. Ni kuwa, da yake na yi lakwal, makarantar boko, har aji uku kafin mushe, malaminmu, ya gane ilimina ya fi ƙarfin ajinsa ya sallame ni, na ɗauki dokar nan camfin tsofaffi.

Wata shekara ruwa ya yi mana wasa. Ya sauka sau ɗaya, muka yi shuka, ta tsiro ta ƙone. Muka sake, iska ta rufe tsiron da rairayi. Rumbu ko ɓera ya daina kai masa ziyara. Abin da ya rage shi ne irin gero cikin ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka. In an ci shi, mu ƙoshi na ƴan kwanaki, sannan mu bar gona mu bi maƙwabta kudu. In an yi binne da shi, wato an zuba shi a busasshiyar ƙasa ana jiran sama, ruwan kuma ya ƙi zuwa, ba abinci ba gona.

Wata rana bayan magariba Baba ya ajiye buta ya ce wa innarmu, "Gobe a fasa tulun nan a daka wa yara. Shuka a bana aikin banza ce."

Kaka ta ji. Sai dai Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta ce masa ko sannu ba. Wannan kunya ta girmi yunwa. Don haka ta tura ice cikin murhu, duk da zafin da ake yi, ta ƙwala mini kira da ƙarfin da bai dace da mutumin da ke gefenta ba.

"Mai gida! Kai, mijin da bai taɓa saya mini ko goro ba, tara mini ƙannenka. Ga ta nan, ta taso daga bayan tudu."

"Ta sauka a gidanmu," muka amsa.

Baba yana kan tabarmarsa kusa da danga, ya ba mu baya.

Ta ce can gabas, inda rairayi ba ya ƙarewa, akwai wata tsohuwa mai suna Fid-da-Rai. Ba wanda ya taɓa ganin ta gaba ɗaya, don kanta yana cikin taurari. Tana da ƴaƴa mata da take turawa gari gari. Ba sa iya tsallake bakin ƙofa sai an kira sunansu, saboda haka suke laɓewa a bayan danga suna saurare. Wani manomi ya dawo daga gonarsa da ta bushe, ya ce, "Aikin banza." Yarinyar da ke da wannan suna ta ce, "Na'am," ta ɗare wuyansa. Da farko nauyinta bai wuce na gashin kaza ba. Duk lokacin da ya sake faɗa sai ta ƙara nauyi, har ya koma tafiya a duƙe. Sai ta raɗa masa a kunne, "Kira uwata, ita kaɗai za ta sauke ni."

Kaka ta nuna tudun rairayin da ke bayan ƙauyenmu, wanda farin wata ya kwanta a kansa.

"Kun ga wancan? Wurin zamanta ne. Ƙarƙashin kowane tudu akwai garin da ya kira ta, da rijiyarsa da masallacinsa da tukwanensa a kan murhu."

Wallahi har yau ban manta ba. Tudun da muke sulu a kansa kullum, a ranar na ga kamar yana numfashi.

Ta ce mutumin ya ɗebi ragowar irinsa zai watsa a baki, ya ci na ƙarshe sannan ya yi kiran. Amma nauyi ya riga ya kai hannunsa ƙasa. Ƙwayoyi suka zube, ƙafarsa kuwa, da yake ƙafar manomi ce, ta rufe su da diddige ba tare da ta yi shawara da shi ba. Yarinya ta yi ƙara, ta ragu. Ya taka, ya zuba, ya rufe. Ta sake raguwa. Kafin ya kai ƙarshen gona ta koma kamar fara, iska ta ɗauke ta.

"Kaka, to ruwan ya zo?" na tambaya.

"Wa ya ce maka tatsuniyar ruwa ce? Ruwa yana da Mai shi. Ni ta wuyan mutum na ba ku. Ku tashi, ta koma inda ta fito."

Baba ya yi gyaran murya, ya ce da danga, "A gaya wa tsohuwa wutarta ta yi yawa."

"Mai gida," in ji Kaka, "gaya wa mutumin can icena ne."

Da asuba Baba ya tashe mu, sungumi a kafaɗarsa. Shi yana sara, mu muna zuba iri muna rufewa, rairayi yana ƙona mana tafin ƙafa. Sai jira. Ba wanda ya ce uffan game da sama. Wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa har inda ido ya tsaya, baƙin yana tafiya, yana nufo mu. Na ruga na kama zanen Kaka, na tabbata tsohuwar nan ce ta zo da kanta. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ta isowa. Baba ya tsaya a tsakar gida ruwa yana dukansa. Kaka ba ta dube shi ba, akuya ta yi wa faɗa. Geron bai yi yawa ba, amma ba mu bar ƙauyen ba.

Kwanakin baya jikata Zara, wadda take lise, babbar sakandare, a nan Gure, ta zauna a ƙofar ɗakina da talho, wato waya, a hannu tana haddar Ingilishi. Na ji tana ta jero wasu kalmomi, "hoflas", "dispeya", da wasu da harshena ya ƙi ɗauka. Na ce ta fassara wa malami, wato ni. Ta ce duk kalmomin fid da rai ne da aikin banza, kuma ko rabi ba ta yi ba.

"Amarya, a bakin ƙofata kike kiran su ɗaya bayan ɗaya?"

"Haba tsoho, jarrabawa gare ni. Aljanun kakarka ai ba sa jin Ingilishi."

Ta yi dariya. An ce masu Ingilishin nan ruwa ba ya yanke musu, har gajiya suke yi da shi. Duk tsawon rayuwata na zaci Fid-da-Rai ƴar fari da yunwa ce, a rairayinmu kaɗai take yawo. Ashe ta je har inda ciyawa ba ta bushewa, ta zauna musu har suka san ƴaƴanta suna suna, fiye da yadda muka sani. Girmanta ya wuce duk yadda Kaka ta kwatanta. Amma da ta gama da su, da ba a sami wanda zai rubuta sunayen ba.

Na jawo ƙwaryar gyaɗa na tura gabanta.

"Kira su duka, gara ki san su. Amma kina kira kina ɓarewa, kada hannu ya tsaya."