Mutuwar da Na Ɓoye a Cikin Waya

Ni dai ban taɓa ganin wawa irina ba, kuma na yi yawo. Daga zangon Kumasi na taso, na yi kwandasta, na yi dako a Legas, na zo na yi furfura a Bronx ta Amurka. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa ta taga na leƙa. To da wannan tulin ilimin ne na zauna ni kaɗai, ban shawarci kowa ba, na ɓoye wa wani tsoho mutuwar mutum guda har wata bakwai.

A shekarun nan da kowa ya koma shafa fuskar waya, aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Wani kamfani ke tura mu. Kullum da safe nakan fito daga University Heights, in gangara Fordham Road, in hau bas zuwa can arewa, unguwar mutanen Ireland. Tsohon da aka ba ni ya haura tamanin. Magini ne a da. Ciwon suga ya cinye masa idanu, amma kunnensa, sauro ya gifta sai ya gaya maka namiji ne ko mace. Ina ce masa Baba. Shi kuma yana ce mini yaro, alhali ina da jikoki huɗu.

'Yarsa guda ce, tana aure a wata jiha. Duk wata takan zo da takardu masu sheƙi na gidan ajiye tsofaffi, da hoton furanni da mutane suna murmushi, ta ajiye a tebur. Tana fita sai ya ce in ɗora butar shayi a kansu. Ya rantse ba zai bar gidan nan ba sai a akwatin gawa, don shi ya yi matakalar da hannunsa, kuma a ɗakin sama matarsa ta cika. Abin da na fahimta shi ne, muddin hankalinsa na nan daidai, babu mai ɗaga shi. Shi ya sa lokaci-lokaci ake turo wata nas ta yi masa tambayoyi, ta rubuta. Da ni da shi da 'yar, duk mun san ran da ya faɗi tambayoyin nan, ya bar gidan ke nan.

Abu ɗaya ke tayar da shi daga gado da ƙarfinsa: shirin hira na cikin waya, wanda suke kira fodkas. 'Yar ce ta saka masa a wata tsohuwar waya, ni ne mai dannawa. Duk Litinin sabo ke fitowa, a kan wasannin ƙasarsu guda biyu. Ɗaya ƙwallo ce da mutum zai sunkuta a hannu ya ruga da ita, ya buga da ƙafa, alƙali na kallo bai hura usur ba. Ɗayan, hurling, maza talatin ne a fili, kowa da sanda kamar ƙatuwar muciya, suna bin wata 'yar ƙwallo mai taurin dutse. Kowa gundumarsu yake buga wa, kuma wai ba a biyansu. Na ce, "Baba, a garinmu in aka ga haka, 'yan sanda ake kira."

"Rufe baki, yaro, ka danna."

Masu sharhin su uku ne. Na farko, kowace ƙungiya ta ci sai ya ce ta fi jin yunwar nasara ne, kowace ta faɗi ba ta ji yunwa ba. Baba ya ce wannan a gidan abinci ya kamata ya yi aiki. Na biyu matashi ne mai lissafi, sai ya gaya maka sau nawa aka buga ta hagu. Baba ya ce duk wanda haƙoransa na gaba suke cike ba shi da bakin magana a wasan sanda. Na ukun tsoho ne mai murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shi ne Baba ke kira Jakin.

"Ji shi! Ji Jakin nan! Wai a dawo da mutum ɗaya baya. Ubanka ne zai tsare gaba?"

Duk ƙungiyar da Jakin ya ce za ta ci, ranar Lahadi sai ta sha kashi. Litinin ya dawo ba kunya, ya bayyana yadda laifin iska ne. Amma in ya fara ba da labarin yadda ƙwallo ke sauka a tafin hannu ranar ruwan sama, sai Baba ya yi tsit, bakinsa a ɗan buɗe. Wata rana ya kamo hannuna ya ɗora a kan yatsunsa biyu da suka karkace. Ashe ƙauyukansu maƙwabta ne. Suna samari suka haɗu a fili, Jakin ya sauke masa sanda a hannu. Fiye da shekara sittin ba su sake haɗuwa ba.

Nan na gane abin. Wannan ai abokin wasa ne, irin na taubasai, wanda za ka zaga tun safe har yamma amma kada wani ya taɓa maka shi. Ni ma na shiga. Ban taɓa ganin wasan da idona ba, amma sai ka ji ni daga kicin ina ihu, "Ƙarya kake, Jaki!" Baba ya yi ta dariya har da tari. Ranar Litinin ko wake da shinkafa na kawo daga gida, da yajinmu mai sa Bature hawaye, sai ya share kwano.

Da sanyi ya fara janyewa, zuciyarsa ta kai shi asibiti, ya yi kwana tara. Kwana biyu da dawowarsa, wata Litinin da hantsi, wayar gidan ta yi ƙara yana barci. 'Yar ce. Ta ce wani ɗan'uwansu ya aiko daga Ireland, mutumin nan na cikin shirin da babanta ke zagi ya rasu. Ta ce tana wurin aiki, in gaya masa in ya tashi. Na ce to.

Na ɗauki wayar shirin na shiga kicin, na rage murya, na danna sabon. Babu dariya. Wani kiɗa ne a hankali, sai mai maganar yunwa ya fara magana, muryarsa na rawa. Na kashe.

A wurinmu ba haka ake yi ba. Ba a kai wa majinyaci labarin mutuwa. Lokacin da uwata ta rasu ina kwance a Legas da ciwon shawara, wata biyu ana ce mini jikin nata ya ɗan matsa. Sai da na miƙe na fara cin tuwo, sannan dattawa uku suka zo, suka zauna, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare, kafin babbansu ya yi gyaran murya. Haka ake yi wa mutum mai daraja. Ba a jefo masa ita ta waya a bakin ɗan aiki. Ni kuma ina zan samo dattawa uku 'yan Ireland? Abokansa duk sun riga shi. Na ce bari ya ƙara ƙarfi, mako biyu kawai.

Da ya tashi ya ce, "Yau Litinin, yaro." Sai na sa babban yatsa na yi ta jan jerin shirye-shiryen ƙasa, ƙasa, har na wuce shekara uku. Na danna. Muryar buhu a kan tsakuwa ta cika ɗakin. Baba kuwa ya buga hannun kujera. "Jakin nan bai mutu ba har yanzu?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Mako biyu suka zama wata. Sau ɗaya na saurari sabon shirin ni kaɗai a bas. Sun kawo wani mai ladabi a madadinsa, kowa na cewa gaskiyarka, gaskiyarka, babu mai katse wani. Na ce wa raina, ai wannan ma kaɗai ya isa ya kashe tsohon. Ka ga yadda wawa ke samo wa kansa hujja.

Matsalar ita ce ba na karanta rubutun da ke jikin shirye-shiryen da kyau. Da ka nake zaɓa. Yau in ɗauko na wannan shekara, mako mai zuwa na waccan. Da farko bai ce komai ba. Sannan wata rana ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Yaron nan da suka ce ya karye a ƙafa, ba shi ne ya ci biyu makon jiya ba?"

"Wataƙila ƙaninsa ne, Baba."

Wani makon kuma gundumar da aka fitar tun zagayen farko sai ga ta a wasan ƙarshe. Ya daina zagi da ƙarfi. Yakan karkata kai yana saurare kamar mai jiran takun ɓarawo a bayan ɗaki. Sau ɗaya na maimaita shirin da muka riga muka ji, sai na ga leɓensa na motsi, yana faɗin maganar Jakin kafin Jakin ya faɗe ta. Da ya ji ta fito daidai, sai ya damƙe hannun kujera. Ran nan bai ci abinci ba.

Na ba matata labari ina dariya, don in ji ko abin dariya ne. Ba ta yi dariya ba. Tana tsinke alayyafo ta ce, "Maigida, makaho ka samu kana sauya masa kwanaki? Ka ji tsoron Allah. Gobe ka gaya masa."

Na ce gobe. Gobe ta zo, na ce jibi. Gaskiyar kuma da ban gaya mata ba, yanzu ba zuciyarsa kaɗai nake tsoro ba. In 'yar ta ji, kamfani zai ji, kuma wanda aka rubuta wa cewa ya yi wasa da hankalin majinyaci ba ya sake shiga gidan kowa.

Sanyi ya dawo. Bututun ɗumama ɗaki ya fara ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa. A cikin waya kuwa Jakin na kukan zafin rana, yana cewa manoma sun bar yankan ciyawa sun zo kallo. Baba ya juyo da fuskarsa wajen bututun, ya juyo wajen wayar. Ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Yaro, matso. Kaina ya fara yoyo. Abubuwa na zuwa mini sau biyu. Kada ka gaya wa yarinyar nan."

Wallahi bakina ya buɗe. Maganar ta zo har kan harshe. Abin da ya fito shi ne, "Gajiya ce, Baba. In haɗa shayi?"

Nas ɗin ta zo wata Talata da safe, 'yar na biye da ita. Na gyara masa gashi, na sa masa rigarsa mai kyau. Ta ce ya riƙe kalmomi uku, ya riƙe. Ta ce ya ƙirga baya-baya, ya ƙirga har da tsiwa. Na fara numfashi. Sai ta tambaye shi wace shekara muke ciki.

Mutumin da ba ya ganin kalanda, da gasar wasanni yake ƙirga shekara. Ya ambaci gundumar da ke riƙe da kofi, ya ba ta shekarar da ta wuce da uku. Ta rubuta. Ta ce wane lokaci ne na shekara? Ya ce bututu dai ya ce sanyi, amma ana tsakiyar gasa, kuma ba a gasa sai da bazara. Ya yi 'yar dariya don ya gyara. Ya ce ko jiya Jakin nan ya ce zafi zai kayar da 'yan baya ranar Lahadi.

'Yar ta ajiye jakarta a hankali.

"Baba, mutumin nan ya rasu tun watan huɗu. An gaya maka."

"Wa ya rasu?"

Ta juyo gare ni. Nas ɗin ma ta juyo, alƙalami a tsaye. "Ka gaya masa ran da na kira, ko ba haka ba?"

Ban yi magana ba. Kai na gyaɗa. Na zaɓi hanyar da makaho ba zai gani ba, kuma na san abin da ya sa na zaɓe ta.

Baba bai yi gardama ba. Ya sa hannu yana shafa yatsun nan biyu karkatattu, har suka gama rubuce-rubucensu. Labarin da na yi wata bakwai ina jiran dattawa su kawo, ga yadda ya iso masa, a tsaye, a gaban baƙuwa.

Nakan gaya wa kaina ba wannan kaɗai ba ne. Ya taɓa faɗuwa a banɗaki, ya taɓa barin gas a kunne. Duk suna cikin takardar. Sau biyu na ɗauki waya in kira 'yar, sau biyu ina jin ta fara ƙara na kashe. Litinin uku suka wuce kafin a gama shiri, bai ce in danna ba, ni ma ban tambaya ba. Mukan zauna, bututu na ƙwanƙwasa.

Ran da motar gidan tsofaffin ta zo, rana ta fito fes, ƙanƙara na narkewa a kan matakalar da ya gina. Ni na sa masa takalmi. Ni na naɗe rigunansa, na tura wayar shirin can ƙasan akwati. Ma'aikata biyu suka ɗaga shi a keken marasa lafiya, 'yar na gaba da makullai. A bakin ƙofa ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya samu wuyan hannuna. Ashe da sauran ƙarfin magini a jikinsa. Ya jawo ni har kunnena ya kusa bakinsa, ya yi maganar a hankali yadda babu wanda ya ji sai ni.

"Mu biyu muka riƙa jin sa, yaro. Har kana zaginsa daga kicin. To me ya sa ni kaɗai za su tafi da ni?"