Lambar da Dabo Ya Saka

Ƙanena Dabo shi ke kula da kwamfutoci a wani kafen intanet da ke unguwar Bukan Sidi a garin Lafiya. Mutum ne mai shiru-shiru wanda bai iya cewa a'a ba, kuma abin da ya cuce shi ke nan.

A 2006 ya ɗora wa babbar kwamfutar kafen wata 'yar manhaja ta gwaji mai sa ido a kanta. In kwamfutar ta yi zafi ko ta fara nauyi, sai manhajar ta tura saƙo a waya. Don ya nuna wa ogansa yadda take aiki, sai ya saka lambarsa. Oga ya ga saƙo ya shigo, ya washe baki ya ce, "Bar ta haka."

Tun daga ranar Dabo bai ƙara fita daga Lafiya ba. Ko Kwandere da ke nan kusa ba ya zuwa, wai kar saƙo ya same shi a nesa.

Da Inna ta kwanta ciwo a Assakio tana ta kiran sunansa, ni na ja shi har tasha. Muna zama a mota, wayarsa ta yi ƙara.

Na ce, "Dabo, uwarka ko inji?"

"Yaya, fankar kwamfutar ce kawai. Yanzu zan dawo."

Direba ya gaji da jira, muka tafi babu shi. Ina shiga ɗaki Inna ta leƙa bayana ta ce, "Ina autana?"

Ban ɓoye mata ba. Na ce yana can yana yi wa kwamfutar wani fifita.