Ƙuli-ƙulin da Na Ɓoye wa Kamfanin Inshora

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne haifaffen Makka, jikan mutumin da ya taho aikin Hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Karatuna bai yi nisa ba. A bayan sitiyari na ƙare ƙuruciyata, ina jigilar alhazai daga tashar Kudai zuwa Harami, har idona ya yi rauni na ajiye tuƙi. A lokacin da wannan abu ya faru ni ne babba a gidanmu, kuma ina ji da kaina. In na yanke magana ba na son a ƙara tayar da ita.

Mahaifinmu ya bar mana gida mai hawa uku a Jidda, a wata tsohuwar unguwa kusa da teku. Shagga shida ne a ciki, wato sassan haya. Mu uku ne magada: ni, da ƙanena, da ƙanwata wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Ba mu raba gidan ba, suka wakilta ni in kula da shi. Ni da ƙanena muna da abin yi. Ita kuwa hayar gidan nan ita ce cinta da shanta, da ita take biyan ɗakin da take zaune a unguwar Tandabawi, nan Makka.

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane abin da iskar teku take yi wa gini ba. Ka sa ƙofar ƙarfe bana, baɗi ta yi ja da tsatsa. Wayar wuta ta ruɓe a cikin bango kana zaune ba ka sani ba. Saboda haka babbar 'yata, wadda take aikin ofis, ta matsa mini in yi wa gidan inshorar gobara, ta'amin kamar yadda muke cewa a nan. Na yi ta kaucewa har sai da ta kai ƙarata wurin gwaggonta, sannan na yarda.

A shaggar ƙasa akwai wata baiwar Allah, 'yar uwa Bahaushiya, wadda uwarta da tamu aminai ne. Tana toya ƙuli-ƙuli, tana haɗa yaji, tana sayar wa masu tsire. Tana da manyan kasake biyu, da tukwanen gas a jere bayan ƙofa, da jarkokin man gyaɗa. Na sani sarai, domin duk zuwan da zan yi sai ta cika mini leda na taho da ita Makka.

Ranar da muka je ofishin kamfanin, wani saurayi mai ladabi ya zaunar da mu, yana ce mini Ammu, wato Baffa, yana cika takarda. Ya tambaye ni ko gidan na zama ne kawai, ko ana wata sana'a a ciki. Na ce na zama ne. Ya sake tambaya, ya ce ko da girkin sayarwa ne ko ajiyar kaya, domin tsarin daban yake, kuma za su turo mai duba wayoyi da gas tunda gidan yana bakin teku. 'Yata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, na ce masa iyalai ne kawai. Na zaɓi mafi arha, na sa hannu ban karanta ko layi ɗaya ba.

A mota 'yata ta ce mini Baba, tukwanen gas ɗin nan fa, ai ba na shayi ba ne. Na ce mata tun yaushe mace mai suya a ɗakin girkinta ta zama masana'anta? Na ce kakarta da ƙosai ta raine mu a unguwarmu ta Utaibiyya a Makka, babu wanda ya taɓa kiran gidanmu kamfani, ita ce dai da ta yi boko take ganin ko tuwo sai an yi masa lasisi. A wurinmu sana'ar mace a cikin gida ba a lissafa ta da kasuwanci, haka muka taso, kuma da wannan na rufe bakinta. Amma yau zan faɗi abin da ban faɗa mata ba. Na san in mai dubawa ya zo, cewa zai yi a sauya wayoyi, a fitar da gas waje, wataƙila ma matar ta tashi. Ni kuwa ba ni da idon da zan kalli 'yar aminiyar uwata in ce ta kwashe kasakenta. Kunya da rowa suka haɗu a kaina, na kira su zumunci.

Shekara biyu ina sabunta takarda ina jin na gama da gobara. Wata rana da zafi, bayan Azahar, aka kira ni. Kan tukunyar gas ɗaya tsatsa ta cinye shi, yana yoyo, soket ɗin bango ya yi tartsatsi, man gyaɗa ya kama. Allah ya tsare rai, matar ta ƙone a hannu kawai. Amma ƙasa da hawa na ɗaya sun tafi, bango ya tsage, aka rufe gidan aka sallami 'yan haya duka.

Na tafi kamfanin da ƙarfin gwiwa, takardata a aljihu. Suka tura mai bincike. Bai sha wahala ba, kasaken suna nan baƙi ƙirin, tukwanen suna jere. Daga nan na shiga zirga-zirga wata da watanni. Yau a ce kawo rahoton 'yan kwana-kwana, gobe a ce mai sa hannu ya tafi hutu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ladabinsu. Kullum sai an kawo mini shayi, a ce Ammu yi haƙuri, sannan a juyo mini da takardar a nuna mini wurin da na ce ba a sana'a, da sa hannuna a ƙasa. Na yi faɗa, na buga tebur, na ce ƙuli-ƙuli ne fa, ba fetur ba. Saurayin nan ya ce, cikin sanyin murya, ai sau biyu ya tambaye ni. Na kai ƙara gaba, can ma aka karanta mini maganata. Ba su biya ko sisi ba.

Ƙanena ya zazzage ni, ya ce a sayar da filin kowa ya kama gabansa, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ƙanwata tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce Yaya, sun tambaye ka? Na ce sun tambaye ni. Ta ce to, Allah ya kiyaye gaba. Bayan wata uku ta kasa riƙe ɗakinta, ta dawo gidana a Utaibiyya ita da 'yan matanta, suna kwana a ɗakin da muke ajiye akwatuna.

'Yan uwana masu gidan haya a Jidda ko wani gari na bakin ruwa, musamman masu riƙon gadon marayu da mata, ku faɗi abin da ake yi a gidajenku yadda yake, ko ɗinki ne ko suya. Ku bar mai dubawa ya shiga, ku sauya abin da gishiri ya ci. In ba ku iya karatun takarda ba, ku saurari 'ya'yanku da suka iya. Da na faɗi gaskiya, da an gyara wa matar nan gas ɗinta, wataƙila da har yanzu tana suyarta. Na ji kunyar mace ɗaya, na tayar da mata huɗu daga muhallinsu.

Kullum da safe ƙanwata ce take kawo mini kunu. Takan ajiye ta ce Yaya, an tashi lafiya? Wallahi da zagina take yi, da na fi samun sauƙin haɗiye shi.