Waƙafin da ya cinye yatsun Mato

Mato Garuba ɗan Zongon Lome ne, amma a Kumasi ya yi boko, wurin kawunsa. A can, waƙafi cikin lamba dubbai yake rabawa. A lissafin Faransa da ake bi a Lome kuwa, abin da ya biyo bayan waƙafi guntu ne kawai.

A 1984 ya samu aikin kwafe alƙaluman kwamfuta a wani ofishin ƙididdiga a unguwar Tokoin ta Lome. Wata rana na'urar ta buga masarar da wani ƙauye ya girbe: tan 1,250, wato tan ɗaya da kwata. Mato ya rubuta dubu da ɗari biyu da hamsin.

Shugaban ofishin ya ga kuskuren, amma ya aika da albishir sama. Aka hana ƙauyen tallafin abinci. Kafin sabuwar masara ta nuna, an binne yara.

Da asiri ya tonu, shugaban ya nuna Mato ya ce, "Karatun Gana ne, da gangan ya yi." Aka tattake masa yatsun dama da takalmi.

Yanzu goro yake sayarwa a bakin masallaci. Masu saye sukan ce, "Baba Mato, ɗaya za ka ba ni ko dubu?" Sai ya miƙa da hagu, su yi tsaki.